Duro 80 na sinadari, lamba uku: wacce zan rubuta a Fom M?

Alhaji Kabiru, Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawarar masu sani nake nema. Da yawanku kun san ina da 'yar masana'antar fenti a nan cikin Katsina, kuma ina sayar wa mata masu haɗa sabulun ruwa da man shafawa sinadarai. Shekara da shekaru a Sabon Garin Kano nake saro kaya, wani lokaci in gangara Ojota a Legas. Bana ni da abokaina biyu muka haɗa kuɗi za mu yo odar kwantena guda kai tsaye daga Sin, mai ƙafa 20, duro 80. Duro 50 na sinadarin TEA ne, wato tirayetanolamin, wanda ake rubuta 85 a jikinsa, 10 na AMP da nake sa wa fenti, sauran 20 CDEA na masu sabulu.

Inda gizo ke saƙar shi ne lambar kwastam. Mai sayarwa ya rubuta 2922.15 a takardar farashi, ya dunƙule kayan gaba ɗaya a ƙarƙashinta. Ejan fitar da kaya na farko da na tuntuɓa ya ce shi 2922.13 ya sani, da ita ya fitar wa wani mutum TEA shekarun baya. Na biyu ya ce tunda duk kayan sabulu ne, mu zuba su a 34.02 mu huta. Ban buɗe Fom M ba tukuna, wato takardar da mai shigo da kaya ke cikewa ta banki kafin kaya su taso, kuma ba zan buɗe ba sai na gane abin da nake sa wa hannu. Bara na saka duro shida a kwantenar wani abokina, ejan ya rubuta "kayan haɗa sabulu" kawai, ba suna ba komai. Mako bakwai kayan suka yi a tasha, kuɗin kwana ya cinye riba har ya taɓa uwar kuɗi. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu.

Sani Jibiya:
Alhaji ni dai a ganina ka tambayi ejan wacce ta fi sauƙin kuɗin fito a cikin ukun, ka bi ta. Ai su ne a bakin ruwa, sun fi mu sanin kan abin.

Baba Lawal, Daura:
Wa alaikumus salam. Kabiru, Allah ya yi maka albarka da ka yi tambaya tun kaya ba su hau ruwa ba. Sani ɗana, lamba ba a zaɓenta kamar atamfa a kanti. Shekara 35 na yi cikin kakin kwastam, na zauna Kwangwalam, na zauna Jibiyarku, na ƙare a Legas, kuma yawancin waɗanda na ga sun yi kuka a gaban tebur da irin wannan shawarar aka kai su.

Lambobin nan ba Najeriya ta ƙirƙiro su ba. Tsari ne na Hukumar Kwastam ta Duniya da ke Burasel a ƙasar Beljiyam, ana kiransa HS, ya fara aiki a 1988. Lambobi shida na farko iri ɗaya ne ko'ina, a Sin, a Jamus, a Nijar, a nan. Biyun farko babi ne, biyu na tsakiya layi ne a cikin babin, biyun ƙarshe ƙaramin layi. Mu a ECOWAS muna ƙara huɗu su zama goma. Kusan duk shekara biyar ake sake duba littafin: an yi a 2007, 2012, 2017, 2022. A gyaran 2017 aka soke 2922.13 ɗungurungum, aka ba TEA sabon gida, 2922.15. Ejan ɗinka na farko bai yi maka ƙarya ba, da gaske ya taɓa fitar da kaya da ita, amma littafin da ke kansa ya daɗe da mutuwa. Mutumin da bai buɗe sabon littafi ba tun wancan lokaci, ni ba zan ba shi kwantena ba.

Na biyun kuwa ya karya ƙa'ida ta farko a cikin shida da ake fassara littafin da su. Abin da kalmomin layi suka faɗa da bayanan da ke saman babi su ne hukunci. In littafi ya kira abu da sunansa, ba ruwan kowa da abin da za ka yi da shi in ka kai Katsina.

Dakta Halima:
Baba ina wuni, Allah ya ƙara lafiya. Bari in ɗora daga ɓangarenmu na masu koyar da ilimin sinadarai, don Alhaji ya ga dalilin da ya sa kayansa uku ba za su kwana ɗaki ɗaya ba.

Babi na 29 na sinadarai ne 'yan asalin kabon, kuma sharaɗinsa shi ne abu ya zama sinadari guda tilo, wanda aka san ƙirarsa. Layin 29.22 na waɗanda suka haɗa hannu biyu ne a jiki ɗaya, hannun amin mai naitirojin da wani hannu mai oksijin. In hannun na biyu na alkohol ne sai a ce amino-alkohol. Yadda ake yin manyansu: a haɗa amoniya da wani sinadari, etilin oksaid. In ɗaya ya maƙale wa amoniyar an sami MEA, lambarsa 2922.11. In biyu ne DEA, 2922.12. In uku ne tirayetanolamin, wato TEA ɗin Alhaji, 2922.15. A tukunya ɗaya su ukun suke fitowa, daga baya a tace a raba su. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

AMP na fenti shi ma amino-alkohol ne, amma littafi bai ba shi ƙaramin layi da sunansa ba, don haka sai ya faɗa 2922.19, wurin "sauran". Ba zai shiga .15 ba ko da a kwantena ɗaya suka zo.

CDEA kuwa sunansa ne ke ruɗin mutane. Ana ganin DEA a ƙarshe sai a ɗauka ɗan gidan ne. An yi shi da DEA, gaskiya ne, amma an dafa shi da man kwakwa har ya zama wani abu dabam, kuma kitsen kwakwa kansa tarin sinadarai ne masu tsawo iri-iri. Ga shi kuma aikinsa kenan, kumfa da kauri a ruwa. Wurinsa layin 34.02. Kenan ejan na biyu ya yi daidai a duro 20, ya yi kuskure a 60.

Hajiya Binta mai sabulu, Ƙofar Marusa:
Dakta Allah ya saka da alheri. Ni ban san lamba ba, amma hannuna ya san kayan nan. Duk wanda ya ce TEA sabulu ne bai taɓa haɗi ba. Lokacin korona a 2020 da muke yin man tsaftace hannu, in ka jiƙa Carbopol, garin da ke sa kauri, a ruwa zai tsaya tsululu kamar ruwan koko, sai ka ɗiga TEA kaɗan kana juyawa, nan take ka ga ya kama jikinsa ya yi kauri, ya yi garau kamar gilashi. Shi kenan aikinsa a wurinmu. Ba ya kumfa, ba ya wanki.

Amma ina da tambaya. Wata shekara cikin hunturu na buɗe jarkar TEA da asuba na tarar ya daskare kamar man shanu, sai da na sa jarkar cikin ruwan ɗumi. Na zaci an cuce ni. Wata jarkar kuma da na saya wurin wani, sanyi bai taɓa yi mata komai ba. Wanne ne na gaskiya?

Dakta Halima:
Hajiya, mai yiwuwa duka biyun na gaskiya ne, kuma tambayarki ta kai mu ainihin matsalar Alhaji. TEA tsantsa yana daskarewa in sanyi ya sauka ƙasa da digiri 21 ko kusa da haka, kuma daren hunturu a Katsina yana wuce nan. Don haka masana'antu suke yin wani nau'i da ake zuba wa ruwa kashi 15 cikin ɗari, don kada ya kame a duro a ƙasashen sanyi. Ana rubuta masa 85. Sai dai akwai wani 85 ɗin dabam, wanda kashi 15 ɗinsa ba ruwa ba ne, DEA ne da ba a tace ba. Suna ɗaya a kasuwa, ciki daban. Alhaji, wanne kake saye?

Alhaji Kabiru, Ƙofar Ƙaura:
Wallahi Dakta ban taɓa sanin iri biyu ne ba. Shekara nawa ina sayar da shi! Takardar dai 85 kawai ta ce.

Baba Lawal, Daura:
To ka tambaya yau ɗin nan. Ka ce su turo maka takardar gwajin kaya, wadda ake ce wa COA, da takardar bayanin haɗari. In mai ruwa ne, magana ta ƙare. Bayani na ɗaya a saman babi na 29 ya faɗa ƙarara cewa sinadarin da aka narkar a ruwa bai bar babinsa ba. AMP ɗinka ma haka, wanda aka fi sayarwa ai da ɗan ruwa kashi 5 yake zuwa, ba ya canza komai.

In mai DEA ne, a fahimtata har yanzu 2922.15 ne. Bayanin ya yarda sinadari ya zo da ɓurɓushin da ya biyo shi daga sarrafawa, kuma 'yata Halima da bakinta ta ce a tukunya ɗaya suke fitowa. Ba wanda ya ɗebo DEA ya zuba. Can ya taso tare da shi.

Dakta Halima:
Baba a gafarce ni, a nan ban gamsu ba. Kashi 15 ya wuce ɓurɓushi. Masana'antar da ke yin mai 85 ita ce dai ke yin mai 99, tana da injin da za ta tace shi in ta so. In ta bar DEA ɗin, da gangan ta bari. Kuma littafin sharhin da ke bin HS ya ce in an bar abu da gangan don kayan su dace da wani aiki na musamman, ya tashi daga ɓurɓushi. In haka ne ya zama haɗi, haɗin sinadarai kuwa da ba su da wani gida layin 38.24 suke tafiya.

Baba Lawal, Daura:
Kin karanta daidai, amma ki sake duba ƙarshen maganar. Ba a ce "in an bari da gangan" aka yi shiru ba. An ce don ya dace da wani aiki na musamman maimakon aikin kowa da kowa. Mai 85 ɗin nan masu siminti na saye, masu man injin yankan ƙarfe na saye, masu man shafawa na saye. Wane aiki ne nasa na musamman? An bar shi ne don ya yi araha, tacewa kuɗi ce. Da a ce an haɗa TEA da wasu abubuwa an yi maganin niƙan siminti, to wannan ba gardama, yana da layinsa a 38.24. Wannan kuwa ban ga ya kai can ba.

Dakta Halima:
Na ji hujjarka Baba, kuma tana da ƙarfi. Abin da ke damuna shi ne, in muka ce kashi 15 ɓurɓushi ne, to 25 fa? 40 fa? A ina za a ja layi? Littafin bai ba TEA wani adadi ba, kamar yadda ya ba wasu sinadarai. Jami'i biyu masu gaskiya za su iya kallon duro ɗaya su saɓa, kamar yadda muka saɓa yanzu.

Nura, ejan a Apapa:
Salam iyayena da yayyena. Ni ɗan Dutsin-ma ne, shekarata tara ina aikin fitar da kaya. Na ji daɗin wannan muhawara, don ko mu da muke ciki ba kullum muke samun mai warware mana haka ba. Kuma ina roƙo kada a yi mana kuɗin goro. Sau da yawa ɗan kasuwa ne ke turo hoton takarda rabi ta WhatsApp, ba sunan sinadari, ba komai, ya ce gobe yake son PAAR, wato takardar kimanta kaya da kwastam ke bayarwa. Da me za mu yi aiki?

Kan saɓanin Baba da Dakta, yanzu akwai mafita. Tun 2024 kwastam ta fara tsarin da za ka rubuta ka nemi hukunci a kan lambar kayanka kafin ka yo oda, ka haɗa da takardun gwaji, su ba ka amsa a rubuce. Duk tashar da kayan suka sauka, takardar tana hannunka. Ga wanda zai riƙa kawo kaya iri ɗaya duk shekara, ya cancanci wahalar.

Alhaji, abu ɗaya da nake so ka tilasta wa mai sayarwa: ya rubuta lambar CAS ta kowane kaya a takardar farashi da jikin duro. Ita ce kamar lambar katin ɗan ƙasa ta sinadari, ba ta canzawa ko an sauya masa suna sau goma. Ta TEA 102-71-6, ta DEA 111-42-2, ta AMP 124-68-5. Kuma layi uku zai yi, kowanne da nauyinsa da kuɗinsa. Abin da ke Fom M, da takardar farashi, da takardar jirgi, da izinin NAFDAC, duk su faɗi magana ɗaya. In ɗaya ta saɓa, nan ake tsayawa.

Sani Jibiya:
Na ji, na kuma karɓi gyara Baba. Amma don Allah duk wannan dogon lissafi, bambancin kuɗin nawa ne? In kaɗan ne ai bai kai a tada jijiyar wuya ba.

Nura, ejan a Apapa:
Yaya Sani, harajin bai ɗaya na ECOWAS da aka fara a 2015 hawa biyar ne: sifiri, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari. Ɗanyen kayan masana'anta suna ƙasa, kayan da aka gama aka ƙulla don mai saye suna sama. Yawancin babi na 29 a hawan 5 suke. Shi kuwa 34.02 gida ne mai ɗakuna, akwai ɗanyen sinadari a ciki, akwai sabulun wanki da aka riga aka haɗa, kuma ba kuɗinsu ɗaya ba. In ejan ya yi sakaci a lambobi huɗun ƙarshe, sai ka biya kuɗin gamammen kaya a kan ɗanye. Sannan VAT na 7.5 a kan jimla ake ɗora shi, har da kuɗin fiton, don haka in ɗaya ya hau ɗayan ma ya hau. In kuma ƙasa ka biya aka gano, takardar cikon kuɗi za ta biyo ka, kwantena tana zaune kuɗin kwana yana tafiya.

Baba Lawal, Daura:
Kuma ba kuɗi kaɗai ba ne. Kun tambayi kanku me ya sa a 2017 aka tsaga wannan layin aka fitar da sababbin ƙananan layuka? Akwai yarjejeniyar duniya ta hana makamai masu guba, ta fara aiki a 1997, hukumarta tana birnin Heg a ƙasar Holan, Najeriya tana ciki. TEA yana cikin jerin sinadaran da ake sa wa ido a ƙarƙashinta, haka 'yan'uwansa su MDEA da ke 2922.17 da wanda ke 2922.18. An ba su lambar kansu ne don ƙasashe su iya ƙirga nawa ya fita, nawa ya shiga. To ka ɗauki irin wannan kaya ka ɓoye shi a layin sabulu. Ko da zuciyarka fara ce tas, jami'in da ya gano ba zai fara da zaton kuskure ba ne. Ni ma da ina kan tebur ba zan fara da shi ba, balle a halin tsaron da jiharmu take ciki.

Malam Isiyaku mai kaji, Batagarawa:
Subhanallahi. Baba kana nufin abin da matanmu ke shafawa a jiki kayan guba ne?

Dakta Halima:
A'a Malam, kwantar da hankalinka. Shi kansa ba makami ba ne, kuma yana cikin man shafawa da man aski a duniya baki ɗaya. Ana sa masa ido ne kamar yadda ake sa wa wasu nau'o'in takin zamani ido, saboda abin da mugu zai iya juya shi ya zama, ba don manomi ya yi laifi ba. Zama a layi ɗaya ma ba ya nufin hali ɗaya. Farin magi da ke kicin ɗinku a 29.22 yake, lambarsa 2922.42. Laisin da kake sa wa abincin kaji 2922.41. Ga kuma efedirin, wanda a ƙirarsa amino-alkohol ne sak, amma littafi ya ɗauke shi ya kai 29.39. Shi ya sa mu ma masu ilimin sinadarai ba ma yanke lamba da ka, sai mun buɗe littafin.

Abin da zan ce wa su Hajiya shi ne, don man da za a shafa a fata, ku nemi wanda DEA ɗinsa ya yi ƙasa sosai. Turai ta hana sa DEA a kayan shafa. Mai kashi 15 ɗin nan a bar wa masu siminti.

Hajiya Binta mai sabulu, Ƙofar Marusa:
Ikon Allah. Mu da muke koya wa yara mata sana'ar nan, ba wanda ya taɓa gaya mana. Alhaji ka ji, in mai DEA ne ni ba na so.

Sani Jibiya:
To in aka sauke a Kwatano aka biyo ta Maraɗi fa? Ba a nan kusa da gida za a ƙare komai ba?

Baba Lawal, Daura:
Lambobi shidan nan za su riga ka isa Jibiya. Rangwamen ECOWAS na kayan da aka yi a cikin yankin ne, kayan Sin ba su ciki ko ta ina suka biyo, ga shi Nijar ma ta fice daga ƙungiyar tun Janairun 2025. Za ka biya kuɗin fito iri ɗaya, a nemi izini iri ɗaya, ka ƙara da kuɗin mota da takardun ƙasa biyu. Ka tuna kuma yadda aka rufe iyakar a 2019 da 2023, kayan mutane nawa suka kwana a hanya.

Alhaji Kabiru, Ƙofar Ƙaura:
Jama'a na dawo, ku yi haƙuri da shirun kwana biyu. Sai da na matsa sosai kafin su turo takardar gwajin, da farko ta wani tsohon kaya suka aiko, na ce ta wanda za a loda mini nake so. Mai ruwa ne. TEA 85, ruwa kusan 15, DEA bai kai rabin kashi ɗaya ba. Sun sake takardar farashi layi uku, 2922.15 da 2922.19 da 34.02, kowanne da lambar CAS. Na tura wa Nura ya duba lambobi huɗun ƙarshe a littafin bana. Izinin NAFDAC da muka nema TEA da CDEA kawai ya ambata, babu AMP, don haka sai an gyara kafin in je banki. Baba, Dakta, Allah ya biya ku, ya jiƙan magabata.

Baba Lawal, Daura:
Amin. A wurin bayanin kaya ka sa su rubuta cikakken suna da "narkakke a ruwa, kashi 85", kada su bar 85 tsirara, don wanda zai duba shi ma zai yi tambayar da Halima ta yi maka. 'Yata, maganarmu ta mai DEA tana nan, ban sauka ba.

Dakta Halima:
Ni ma ban sauka ba Baba. Nura, in ka ci karo da wanda ya nemi hukunci a rubuce a kan irin wannan, don Allah ka kawo mana nan mu gani.

Hajiya Binta mai sabulu, Ƙofar Marusa:
Alhaji a ajiye mini duro biyu na TEA da uku na CDEA, mu shida za mu raba. Kuma ina son kwafin takardar gwajin nan tare da kayan.